Keke Mai Inji da Firam ɗin da Ke Iya Ɗaukarsa

Babur daga keke ya samo asali, kuma tambayar farko da maƙeransa suka yi fama da ita ita ce inda za a ɗora injin. A shekarar 1897 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Werner, a birnin Faris, sun ɗora ƙaramin inji a saman tayar gaba ta keke. Abin ya yi tafiya, sai dai nauyin ya taru a sama, da an sha kwana a kan laka sai ya kayar da mahayi. A 1901 suka sauko da injin ƙasa, tsakanin tayoyin biyu, kusa da feda. Nan ne mazaunin injin babur har yau.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da mai ya yi wuya kuma mota ta fi ƙarfin talaka, aka sake komawa kan keke. A 1946 Soichiro Honda ya riƙa sayen ƙananan injinan da sojojin Japan suka bari yana liƙa su a kekuna a garin Hamamatsu, daga nan kamfanin Honda ya taso. A shekarar ce kuma Faransa ta fito da VéloSoleX, mai inji a kan tayar gaba, sannan Mobylette a 1949. Waɗannan biyun sun cika titunan Yamai, Maraɗi da Wagadugu, shi ya sa har yanzu mutanen Nijar ke kiran ƙaramin babur mobilet.

A Arewacin Nijeriya hanyar ta bambanta. Nan keken Raleigh na Ingila ne ya yi sarauta, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka shigo da siffa iri ɗaya. Misali, garin Gombe, wanda Turawa suka mayar da mazaunin sarki zuwa cikinsa a 1919, ya bunƙasa ne da cinikin auduga da gyaɗa da hatsi, musamman bayan isowar jirgin ƙasa a 1963. Manomi da ɗan kasuwa keken ɗaukar kaya suke nema, mai baƙin ƙarfe da kariya mai ƙwari, wani ma da sanda biyu a sama. Masu gyaran keke na unguwannin cikin gari irin su Herwagana, Jekadafari da Kumbiya-Kumbiya a kan wannan keke suka koyi sana'a. Wanda ya samu kuɗi ba ya neman injin da zai ɗaura wa kekensa, babur yake saya ɗungurungum: Honda, Suzuki ko Yamaha a da, Jincheng da Bajaj daga baya, lokacin da acaɓa ta zama abin hawan kowa.

Injin ɗaurawa ya dawo ne ta hannun masana'antun Sin. A kwali ɗaya yake zuwa da tanki, salansa, sarƙa da faifai mai haƙora 44 da ake ɗaurewa a wilin baya. Ana haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, girmansa kuma siisii 49 ne ko 66, ko da yake 'yan kasuwa kan rubuta 80 a kan na biyun. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 mutane da yawa sun karkaɗe kekunansu, kuma injin da ke shan mai kaɗan ya sake zama abin sha'awa.

Ba kowane keke ne ke karɓarsa ba. Injin yana zama ne a cikin alwatikan nan na tsakiyar firam, ana damƙe shi a sandar da ta gangaro daga kan keke da wadda ke ɗauke da sirdi. Don haka keken mata, wanda ba shi da sandar sama, ba shi da wurin tanki, kuma ƙarfinsa bai kai ba. Kekunan gwanjo na hawan dutse, masu sifirin a tsakiya, sun cinye gurbin da injin zai zauna. Sandunan ma sai sun kasance zagayayyu, kaurinsu kimanin milimita 25 zuwa 29, domin maƙalan injin a kan wannan awo aka yi su. Firam ɗin alminiyam yakan fi haka kauri, kuma girgizar inji tana tsattsaga shi a hankali. In ya tsage, mai waldar bakin titi ba shi da abin da zai yi masa, alhali baƙin ƙarfe kowane mai walda zai liƙe shi. Huda firam don a sa ƙusa, wanda wasu kanikawa ke yi in maƙalin bai zo daidai ba, shi ne mafarin karyewa.

Abin mamaki, tsohon keken ɗaukar kayan nan da aka ƙera don buhun masara shi ya fi cika waɗannan sharuɗɗa: alwatikansa mai faɗi ne, ƙarfensa kuma mai jure wahala. Rauninsa yana wajen birki. Birkin sanda da ke matse bakin wili an yi shi ne don gudun ƙafar mutum, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya daina kamawa, ga shi injin yana iya kai keke kilomita 40 a awa. A gari mai gangare da yashi kamar Gombe wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Wilin baya ma yana shan wuya, domin faifan haƙoran a jikin wayoyin wili ake matse shi, in bai zauna daidai a tsakiya ba sarƙa ta riƙa faɗuwa, wayoyin su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kanikawan da suka san aikin sukan sauya wilin da mai wayoyi masu kauri, su sa birki mai ƙarfi gaba da baya, kafin su zuba mai a tanki.