Tarihin Kayan Shafe da Adon Bango a Arewacin Sakkwato: Daga Makuba zuwa POP

Shafen ado shi ne yaɓe na ƙarshe, mai laushi, da magini ke yi wa bango ko rufin ɗaki domin ya fitar da zane a kai. A yankin Illela da Amarawa, bakin iyakar Najeriya da Nijar, kayan wannan aiki sun bi zamani uku: na ƙasa da makuba, na siminti, sai na farin garin da ake kira POP. An yi rubutu da yawa a kan siffofin zanen Hausa, irin su dagi da zankwaye, amma abin da ake kwaɓawa da inda ake samo shi a warwatse suke cikin littattafan masana gini da na masana duwatsu. Wannan maƙala ta haɗa ɓangarorin biyu.

Ginin ƙasa kowa ya san shi: tubali, azara, bakan gizo. Gwaninta tana wajen shafe. Magini yakan tankaɗe jar ƙasa ya fitar da tsakuwa, ya kwaɓa ta da ruwan makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka daka aka jiƙa. Makuba na sa bango ya yi duhu-duhu, ya yi ƙarfi, ya jure feshin damina, sai dai ana sabunta shi lokaci-lokaci. Wanda ya fi shi daraja shi ne laso. Ana haɗa shi da katsi, wato dagwalon da ake kwashewa daga ƙasan rijiyar marina a ƙona a daka, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Wannan haɗi na nuna cewa magini bai taɓa zama shi kaɗai ba. Sai garin da ke da marina da majema ne ke iya ba shi laso, kuma ƙasar Sakkwato, mai jar akuyar da fatarta ta yi suna har Turai, ba ta rasa gashin jima. Da marina suka yi ta mutuwa a ƙarni na 20, katsi ya yi wuya, laso ya bi bayansa. Farar ƙasa kuwa ita ce ta haskaka ciki, a kan ƙara shuni ko jar ƙasa a fito da launi.

Tsohuwar shaida a rubuce game da magina a Sakkwato ita ce ta Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824. Ya tarar ana gina masallaci, ya kuma ce shugaban aikin mutumin Zazzau ne da mahaifinsa ya taɓa zama a Masar. Bayan haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Littattafai sun saɓa a kan shekarar. Abin da ya fi aminci shi ne a ce zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim ne, 1834 zuwa 1846. Adon da ke cikin masallacin da hannu aka tayar da shi a jikin ɗanyen yaɓe.

A nan ne ake yawan kuskure. Mutane kan ɗauka cewa gidajen da aka zane fuskarsu tun daga ƙasa har sama haka suke tun kaka da kakanni. Binciken Anthony Kirk-Greene a Zariya, wanda ya fito a 1963, da na Friedrich Schwerdtfeger na 2007, sun fi karkata ga cewa adon ciki, a fada da masallaci da ɗakin amarya, shi ne tsoho, adon waje kuwa ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga da fatauci suka shiga hannun attajirai. Shigar keke da agogo da jirgin sama cikin zanen ta isa hujja. Haka abin yake a unguwar Birni ta Damagaram. Daga cikin manyan ayyukan ƙasa da ke kusa da Amarawa akwai masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan a 1986.

Zamanin siminti ya zo wa yankin ta fuska biyu kusan lokaci guda. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina kusa da Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu yana hannun BUA. A tsallaken iyaka, gabas da Birnin Konni, masana'antar Malbaza ta tashi a cikin shekarun 1960 ɗin. Magina suka koma shafa siminti a kan bangon ƙasa, su tsaga zane da wuƙa kafin ya bushe, su bi da fenti. Zanen ya ƙara kaifi, amma siminti ba ya riƙe ƙasa da kyau. Ruwa kan shiga bayansa, ya ɓanɓare falle-falle.

Waɗannan masana'antu ba su zauna a nan da ka ba. Shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ta rufe wannan kwari da masana ke kira Iullemmeden, ta bar farin dutse da kuma jifsam, dutse mai laushi da farce ke iya karta. Masanin duwatsu C. A. Kogbe ya yi nazarin shimfiɗun a shekarun 1970. Ana samun jifsam siraran layuka da gutsattsari cikin laka a wuraren Dukamaje, Wurno, Gada da Dange, da kewayen Malbaza. Mutanen ƙauye ke haƙa da diga da shebur, su tsince, su tara tsibi-tsibi a sayar wa masu mota. Kamfanin siminti na buƙatarsa kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari domin kada siminti ya daskare da wuri.

Daga wannan dutsen ake yin POP. Idan aka gasa jifsam a zafin kimanin digiri 150, yakan saki kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke jikinsa, a niƙa ya zama gari. Da an mayar masa da ruwa sai ya sandare cikin mintuna kaɗan. Sunan POP, wato Plaster of Paris, ya samo asali daga ma'adinan Montmartre a birnin Faris, ko da yake Musulmi sun daɗe da ƙwarewa a kansa, daga Samarra ta Iraƙi a ƙarni na 9 zuwa fadar Alhamra da gidajen Fas. Jifsam ɗin Sakkwato, saboda lakar da ke tare da shi, sai an wanke an tace kafin ya ba da gari fari tas mai laushin da ado ke so. Wannan mataki ne bai kafu a yankin ba.

Saboda haka mai aikin silin a Illela ko Amarawa garin buhu yake saye, galibi na kilo 40, da yawansa daga ƙasashen waje kamar Turkiyya da Masar, ya sauka a tashar ruwa ya hau tirela zuwa arewa. Gwanaye kan murza garin a yatsa su ji ko da tsakuwa, su guji buhun da ya sha danshi ya yi gudaji, su kwaɓa kaɗan-kaɗan, su ƙarfafa shi da zaren filas. Da yawa daga masu aikin farko 'yan Togo da Benin ne, yaran gida suka koya a hannunsu. POP ba ya jure ruwa, don haka ado ya bar fuskar gida ya koma falo. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris 2024, abin da ya taɓa zirga-zirgar kaya da ta ma'aikata.

Yankin da ke kwance a kan jifsam har yau yana sayar da ɗanyen dutsen ga masu siminti, yana sayen garin adonsa daga nesa.