Daga Ƙofar Sarki Zuwa Wayar Hannu: Yadda Siyasa Ke Shigowa Sabo

Tun da aka yanka wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, siyasa ta ƙofa ɗaya take shigo mana, wato ƙofar Sarki. A zamanin Action Group da NCNC, mai neman ƙuri'armu sai ya zo fada ya yi gaisuwa, dattawa su auna maganarsa. Labarin gida kuwa fataken goro da na shanu ke kawo shi, sai Gaskiya Ta Fi Kwabo da mutum ɗaya ke karanta wa majalisa, sai rediyo, musamman da BBC ta fara Hausa a 1957. Labari kan yi jinkiri, amma an san daga bakin wa ya fito.

Wayar salula ta iso a 2001. A Satumban 2010 Goodluck Jonathan ya bayyana takararsa a Facebook, alamar dandalin siyasa ya fara ƙaura. Zuwa zaɓen 2015, samarinmu na bin sakamakon rumfuna a waya tun hukumar zaɓe ba ta yi magana ba. WhatsApp kuwa shi ya kwaso kowa da kowa, don saƙon murya ba ruwansa da boko.

An ci riba, ba musu. Yau ɗan canji ko mai kayan gwari na iya tambayar kansila ina alkawari, ba sai da ɗan jagora ba. Amma ta wannan hanyar ce aka yaɗa cewa Buhari ya rasu, wani Jubril na Sudan ke mulki, har sai da ya fito a 2018 ya ce shi ne dai. Da rikicin kasuwar Shasha ya ɓarke a Fabrairun 2021, hotuna da bidiyo, na gaskiya da na ina-aka-samo, sun kai Kano tun kafin shugabanninmu da na Yarbawa su zauna.

To, a nan gizo ke saƙar. Wanda ya tura saƙon tunzuri daga nesa ba shi da rumfa a Bodija. Mu ke da ita, mu ke da yara a makarantun garin nan. Zaɓe na tafe, kuma masu neman ƙuri'a sun san lambobinmu. Duk saƙon da ya shigo, mu yi masa tambayar da iyayenmu kan yi wa baƙo a ƙofar fada: daga ina, kuma wa ya aiko ka?