Majnun: Mahaukacin da Kowane Zamani Ya Sake Ƙerawa

Labarin Majnun, wato Ƙais ɗan Mulawwah, saurayin ƙabilar Banu Amir da aka hana auren Laila har ya zauce ya bi daji, ya daɗe a duniya ne domin tun asali ba shi da tsayayyen nassi. A ƙarni na 10 Abul Faraj al-Isfahani ya tattara ruwayoyinsa cikin Kitabul Agani, suna karo da juna, wasu ma na musun an taɓa yin mutumin. Wannan giɓi ya bai wa na baya damar sarrafa shi. Nizami na Ganja ya ɗinke guntayen da Farisanci a 1188, ya sa masoyan suka haɗu a makaranta. Sufaye suka mai da Laila ishara ga son Ubangiji. Waƙen da Fuzuli ya yi kan labarin ya zama wasan kiɗa na Uzeyir Hajibeyov a Baku a 1908. Eric Clapton na Ingila ya yi waƙarsa Layla a 1970 yana begen matar abokinsa, abin da Nizami da wuya ya amince da shi. Indiya kuwa ta yi fim ɗin Laila Majnu a 1976 da Rishi Kapoor.

Wani zai ce ai wannan ɓata gado ne, an mai da zautaccen Balarabe ɗan rawa. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, don fim kan zaɓi hawaye da ado ya bar zurfin baitocin. Sai dai wanne ne asalin da aka ɓata? Shi kansa Nizami, da ake ɗauka ma'auni, baƙo ne ga saharar Ƙais, ba da harshensa ya rubuta ba, kuma ƙarni biyar ne tsakaninsu.