Daga Zaure Zuwa Tsakar Gida: Labarin Baba ta Karo da Aikin da Ya Rage a Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Kazaure a rubuce, abin da zai fara cin karo da shi shi ne labarin Ɗan Tunku, da yadda ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, sannan jerin sarakuna. Wannan tarihi ne na fada da na zaure. Amma a tambaya yadda ake aurar da yarinya a Roni shekara ɗari da suka wuce, ko wa ke riƙon marayu, ko me mace ke fita da shi in aure ya mutu a Gwiwa, sai a ji takardun sun yi shiru. Wanda ya rubuta su namiji ne, kuma iyakarsa zaure.

An taɓa ƙetare wannan iyaka. A 1949 wani masanin halayyar al'umma, M. G. Smith, yana bincike a ƙasar Zazzau, kuma da yake shi namiji ne, shiga gidajen kulle ta gagare shi. Matarsa Mary ita ce ke shiga. A garin Giwa (ta Zazzau, kada a ɗauka Gwiwa tamu ce) ta haɗu da wata tsohuwa, ungozoma, wadda aka haifa wajen 1877 a ƙauyen Karo na kudancin ƙasar Kano. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 Baba tana ba da labari da Hausa, Mary tana rubutawa da hannu. Baba ta rasu a 1951, littafin kuwa, Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954.

Baba ta yi aure sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta ga zamanin rinji da harin kamun bayi, ta ga zuwan Turawa. Daga bakinta aka fahimci cewa ƙawance tsakanin mata alkawari ne mai ƙa'ida, da biki da ramuwar biki, kuma macen da ake cewa ba ta da ta cewa tana iya kashe auren da ba ta so. A ganina, abin da ya ba littafin daraja shi ne haƙurin Mary: ta bar tsohuwa ta bi zaren zancenta, tambaya kuwa sai inda zance ya yanke.

To, a nan ne ɗalibanmu ke tuntuɓe. Ɗalibi zai ɗauko takarda mai tambayoyi talatin, ya tsaya a ƙofar gida, mai gida na zaune a gefe, ya ce, “Baba, 'ya'yanki nawa?” Ya manta cewa mai kunya ba ta ambaton ɗan fari, wata ma ba ta sa shi a lissafi. Waɗanda suka rasu ba a son tono su, ɗan riƙo kuwa ɗa ne a wurinta. Ya tambayi sunan miji, ta sunkuyar da kai. Ya tambayi shekaru, alhali ita da aukuwa take ƙirga zamani, wato kafin farin 1973 ko bayansa, ko shekarar da aka kwashi yara zuwa firamare a 1976. Ya tambayi sana'a, mai gida ya riga ta amsawa cewa ba ta yin kome. Ɗalibi ya rubuta haka, ya koma ya zana jadawali.

Wannan amsa ta ƙarshe an daɗe da rushe ta. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa cinikin hatsi mai yawa a cikin gidaje yake gudana, a hannun matan kulle. Bayanta Enid Schildkrout ta bi yara masu talla a birnin Kano, ta ga su ne ƙafafun wannan ciniki, da ribarsa ake tara kayan ɗakin 'ya mace. Ma'aikacin gwamnati da ya tsara shirin tallafi ko na makaranta bisa jadawalin da ya ce mata zaman banza suke yi, ya gina shirinsa a kan kuskure.

Sai dai kada a mai da Baba ma'aunin kowace Bahaushiya. Mace ɗaya ce, asalin gidansu Barebari, masu gonaki da bayi, kuma da idon 'yar masu gida ta kalli bauta. Abin da baiwar rinjinsu za ta ce, ba wanda ya rubuta. Labarinta kuma na kudu ne. Ƙasar Kazaure tana tsakanin Kano da Katsina da Daura, Fulani da Haɓe sun cakuɗe a cikinta, don haka sai an tambaya kafin a san ko sadaki da goyon ciki da riƙo sun bi tsari ɗaya da na Karo.

Mary Smith baƙuwa ce, sai da ta koyi harshen. Ɗalibar da ta fito daga Roni ko Gwiwa da harshen aka haife ta, kuma ba mai hana ta shiga ɗakin kakarta. Abin da ake bukata gare ta shi ne ta nemi izini, ta sakaya sunaye, ta zauna lokacin da mai gida ya fita, ta koma sau biyar ko goma. Matan da aka aurar kafin samun mulkin kai a 1960, mafi yawansu yau sun haura shekara tamanin.