Gawayin gona: mene ne shi, yaya ake yin sa, kuma wace irin ƙasa yake gyarawa?

Duk shekara idan damina ta matso, 'yan uwanmu da ke neman abinci a Legas, Ibadan, Shagamu, Anaca da Fatakwal sukan fara lissafin kuɗin takin da za su tura gida. Masu lambu a bayan garuruwan Kudu su ma kukansu ɗaya ne: ana zuba kamfa da yuriya, amma amfanin bai kai na da ba. Sau da yawa matsalar daga ƙasar take. Idan ta gaji, ba ta iya riƙe abin da aka ba ta, ruwan sama ɗaya zai wanke rabin kuɗin mutum ya tafi da shi. Daga cikin hanyoyin gyaran irin wannan ƙasa akwai gawayin gona, wanda masana ke kira bayoca.

Mene ne gawayin gona?

Gawayi ne da ake yi daga ragowar amfanin gona ko itace, ta hanyar gasa su da zafi mai yawa a inda iska ba ta shiga sosai. Zafin yakan kama daga digiri 350 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyas. Da yake iska ta yi ƙaranci, kayan ba sa cinyewa su zama toka. Hayaƙi da mai ne ke fita, a bar baƙin gawayi mara nauyi mai cike da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Waɗannan ramuka su ne amfaninsa a gona.

Bambancinsa da gawayin mai shayi ko mai tsire yana wajen manufa da kayan haɗi. Na girki ana yin sa da icce mai ƙarfi don ya daɗe yana ci. Na gona kuwa ana iya yin sa da totuwar masara, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, ɓawon kwakwar manja, ƙoƙon kwakwa ko rassan da aka sassabe. Kuma gawayi daban, toka daban. Toka tana ba ƙasa fotasiyam da kalsiyam nan take, ta ƙare cikin ɗan lokaci. Gawayi kam yana iya zama a ƙasa shekaru ɗaruruwa bai ruɓe ba.

Daga ina abin ya samo asali?

A yankin kogin Amazon na ƙasar Birazil, inda ƙasar daji ba ta da ƙarfi, akwai wurare masu baƙar ƙasa mai albarka da ake kira terra preta, wato baƙar ƙasa a harshen Fotugal. Mutanen da suka zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa su ne suka samar da ita, ta hanyar tara gawayi, ƙasusuwa, fasassun tukwane da sharar gida shekara da shekaru. Har gobe manoman yankin suna neman irin wannan ƙasa. Wani masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya ja hankalin duniya gare ta a littafinsa na 1966, daga baya masana irin su Johannes Lehmann na Jami'ar Cornell a Amurka suka zurfafa bincike a kai.

A Afirka ta Yamma ma akwai irinta. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a ƙauyukan Laberiya da Gana, wuraren da mata suka daɗe suna zubar da toka, gawayi da sharar girki sun zama baƙar ƙasa da ta fi ta kewaye albarka nesa ba kusa ba. Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Kowa ya san yadda shuka ke yi a tsohon juji ko kufai, kuma manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗauko sharar birni da toka a kan jakuna suna kai wa gonakinsu.

Me yake yi wa ƙasa?

Na farko, yana rage tsami. Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin da ake kira pH. Yawancin amfanin gona sun fi son ya tsaya tsakanin 6 da 7, kuma idan ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yakan narke ya hana saiwa girma, fosfaras kuma ya maƙale shuka ta kasa samun sa. Galibin gawayi yana da ɗabi'a irin ta toka, saboda haka yana ɗaga ma'aunin.

Na biyu, yana riƙe ruwa, musamman a jigawa da ƙasa mai yashi. Na uku, yana kama abincin shuka ya hana shi zurarewa ƙasa da ruwan sama. Na huɗu, ramukansa mazauni ne ga ƙananan halittun da ke ruɓar da taki su mai da shi abincin shuka.

A kula fa: gawayi ba taki ba ne. Naitirojin ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Kamar rumbu yake, abin da aka zuba masa shi zai ajiye. Wanda ya daina sa taki don ya sa gawayi zai sha mamaki ranar girbi.

A ina ya fi aiki?

Wani nazari da Simon Jeffery da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa daga sassan duniya, ya gano cewa a ƙasashe masu zafi gawayi yana ƙara amfanin gona da kusan kashi 25 cikin 100 a matsakaici, amma a ƙasashe masu sanyi da ƙasarsu ke da ƙarfi kusan babu wani ƙari. Ma'ana, ƙasa mai tsami wadda ta gaji ita ce ta fi cin moriyarsa.

Wannan ya shafi Kudu kai tsaye. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano kuwa galibi ba ta kai 1,000 ba. Yawan ruwan nan yana wanke kalsiyam da sauran sinadarai, shi ya sa ƙasar Kudu maso Gabas da yankin Neja Delta ta yi suna wajen tsami. Yawan zuba yuriya shekara bayan shekara ba tare da takin gargajiya ba shi ma yana ƙara tsamin. A Arewa kuwa babbar matsalar ita ce yashi da ƙarancin ruɓaɓɓen abu a ƙasa, don haka amfanin gawayi a can ya fi karkata ga riƙe danshi da taki. A ƙasa mai kanwa ko gishiri, sai a yi hattara, domin zai iya ƙara mata abin da ya riga ya yi mata yawa.

Kayan yin sa a Kudu

Abin da ake zubarwa a garuruwan da muke zaune ya isa jari. Ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi yake a injinan Abakaliki. Akwai garin katako a wuraren yankan katako, akwai ɓawon kwakwar manja a duk inda ake matsar manja, akwai ƙoƙon kwakwa a Badagry. Kashin dabbobin da za a haɗa da shi kuma yana hannun mutanenmu: mayankar Oko-Oba a Legas, Akinyele a Ibadan, Lokpanta a jihar Abiya.

Abubuwan da ba a sawa: katako mai fenti ko wanda aka yi wa maganin gara, falankin da aka haɗa da gam, leda, roba, taya da tsumma. Gubarsu tana shiga ƙasa, daga nan ta shiga ganyen da za a kai kasuwa. Sare itatuwa masu rai don yin gawayin gona kuwa ɓarna ce da ta fi gyaran yawa.

Yadda ake yin sa

Hanya mafi sauƙi ita ce ta rami, wadda cibiyar Ithaka ta ƙasar Suwizalan ta yaɗa tun 2014 da sunan Kon-Tiki. Ana haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi kamar mazurari, zurfinsa kusan mita ɗaya. A kunna wuta a gindin da ƙananan ƙirare. Idan ta kama sosai, a shimfiɗa busassun kaya kaɗan a kai. Da zarar an ga farar toka ta fara bayyana a samansu, a ƙara wani shimfiɗin. Harshen wutar da ke sama shi ke cinye iska da hayaƙi, na ƙasa kuma ya gasu ya zama gawayi. Idan rami ya cika, a kashe da ruwa mai yawa, ko a rufe da ƙasa ruf har ya huce.

Ɓuntu da garin katako ba sa yi a rami, suna kashe wutar. Su ana hura wuta a cikin gwangwani mai huji-huji da aka sa wa bututun hayaƙi, a tara ɓuntun kewaye da shi, a riƙa juyawa har ya yi baƙi duka, sannan a baza a kashe da ruwa. Manoman Japan sun daɗe da wannan dabara.

Kaya su bushe sosai, domin ɗanye hayaƙi kawai zai yi. Gawayin da za a samu yakan kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na nauyin busassun kayan. Mai kyau baƙi ne har ciki, ba nauyi, yana karyewa ƙas, ba ya warin hayaƙi, kuma ruwa kaɗai yana wanke baƙinsa daga hannu.

A yi aikin a fili, nesa da gidaje, ba ranar iska ba, da ruwa a kusa. Kada a taɓa yin sa a ɗaki ko shago, saboda gawayi mai ci yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta.

Kafin a kai shi gona

Sabon gawayi mayunwaci ne. Idan aka zuba shi haka nan, zai iya tsotse naitirojin ɗin ƙasar, shuka ta yi ɗorawa a shekarar farko. Maganin wannan shi ne a jiƙa shi, a daddaka ya koma kamar ƙwayar masara ko ƙasa da haka, a cakuɗa da kashin shanu, na awaki, na kaji ko ruɓaɓɓen taki, a rufe a inuwa da danshi na mako 2 zuwa 4. Masu kiwo suna da hanya mafi sauƙi: a shimfiɗa shi a turke ko kejin kaji, ya sha fitsari da kashi, ya rage wari, sannan a kwashe gaba ɗaya.

A gwaje-gwaje akan sa tan 5 zuwa 20 a hekta ɗaya, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Tan 10 a hekta daidai yake da kilo 1 a kowace murabba'in mita, don haka fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 zai ci kilo 5 zuwa 10, a cuɗa shi da ƙasar sama. A gonar masara ko dawa, dabara ita ce a sa cikin hannu ɗaya na haɗin a ramin shuka, a riƙa ƙarawa kowace shekara. Kada a bar shi a saman ƙasa, iska da ruwa za su kwashe.

Sauran abubuwan gyaran ƙasa

Takin dabbobi shi ne ginshiƙi, amma a bar shi ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, kuma ɗanyen taki a kan latas ko kabeji da ake ci ba dafawa yana iya ɗauko cuta. Sharar kayan gwari irin ta kasuwar Mile 12 tana zama taki mai kyau idan aka tsince leda, aka tara ta da busasshiyar ciyawa ana juyawa. Farar ƙasa ta noma da toka suna rage tsami da sauri fiye da gawayi, sai dai kada a haɗa su da yuriya a lokaci ɗaya, domin naitirojin zai tashi ya bi iska. Wake, gyaɗa da waken suya suna ƙara wa ƙasa ƙarfi idan ana juya su da hatsi. Barin kara da ganye a gona ya fi cinna musu wuta. A gida kuma, gawo a tsakiyar gona taki ne a tsaye, tun da yake da damina yake zubar da ganye.

Takin zamani yana nan da muhimmancinsa. Najeriya tana yin yuriya a masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022, da ta Indorama a Eleme kusa da Fatakwal. Abin da cibiyoyi irin su IITA ta Ibadan suka daɗe suna koyarwa shi ne a haɗa na zamani da na gargajiya da iri mai kyau, domin kowane buhu ya biya kuɗinsa.

Abin lura kafin a kashe kuɗi

Amfanin gawayi na shekaru ne, saboda haka wanda ke noma a filin haya ko aro, wanda za a iya tayar da shi gobe, gara ya taƙaita shi ga gadon reno da ramin shuka, ya ajiye babban aikin don gonarsa ta gida. Jigilarsa daga Kudu zuwa Arewa ma ba ta da riba. Ya fi sauƙi a koya wa na gida su yi da totuwa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun da ke kusa da su, ba tare da an taɓa karan da dabbobi ke ci ba.

Duk wanda ya zo da buhu yana cewa gawayinsa zai ninka amfani a damina ɗaya, ko ya nemi kuɗin rajista da alƙawarin wasu daloli na gyaran yanayi, a bincika sosai, a tuntuɓi malamin gona. Gani ya kori ji: a ware fangali biyu a jere, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, taki ɗaya, a sa wa guda gawayi a bar ɗayan, a auna abin da kowanne ya bayar har girbi biyu kafin a faɗaɗa.