Aikin cire jijiyar haƙori: yadda ake ceto haƙorin da ya ruɓe ba tare da an cire shi ba

Aikin cire jijiyar haƙori, wanda likitoci ke kira dévitalisation da faransanci, hanya ce ta magance haƙorin da ƙwayoyin cuta suka kai ga cikinsa. Maimakon a tumɓuke haƙorin, ana kwashe abin da ya ruɓe a ciki, a wanke, a toshe, haƙorin ya ci gaba da tauna a mazauninsa.

Abin da ke cikin haƙori

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori mai tauri akwai wani ɗan kogo mai ɗauke da nama mai laushi, da jijiyoyin jin zafi, da ƙananan hanyoyin jini. Daga wannan kogo ne siraran hanyoyi ke gangarawa cikin saiwa har zuwa ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, turame kuwa, wato manyan haƙoran tauna na baya, sukan kai 3 ko 4. Shi ya sa aikin turmi ya fi ɗaukar lokaci.

Abin da ke kai mutum ga aikin

Mafi yawan lokaci ruɓewa ce, abin da jama'a ke kira tsutsar haƙori. Ba tsutsa ba ce: ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami mai narkar da haƙori sannu a hankali har rami ya isa jijiya. Tsagewa ko karyewar haƙori, kamar a faɗuwar babur, ita ma tana buɗe wa cuta ƙofa.

Alamomin sun haɗa da zogi mai hana barcin dare, zafin da ke daɗewa bayan an sha shayi ko ruwan sanyi, jin ciwo wajen tauna, haƙori ya yi duhu, ko ƙurji mai mugunya ya fito a dasashi.

Wani lokaci ciwon yakan lafa da kansa, mutum ya ɗauka ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma tana ci gaba da taruwa a ƙarshen saiwa. Kanumfari da maganin kashe zafi suna rage raɗaɗi na ɗan lokaci kawai. Ko maganin antibiyotik ba ya warkar da haƙorin shi kaɗai, domin jini ba ya kai shi cikin jijiyar da ta riga ta mutu.

Yadda ake yin aikin

Likitan haƙori yakan fara da ɗaukar hoton radiyo don ganin tsawon saiwa da inda cutar ta kai. Sai ya yi allurar da ke kashe jin zafi a wurin, mutum yana farke. Daga nan ya huda saman haƙorin, ya yi amfani da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura ya kwashe naman da ya ruɓe, yana ɗauraye hanyoyin da wani ruwan magani dangin ruwan jabel wanda aka haɗa musamman don wannan aiki. Idan hanyoyin sun bushe, ana cike su da gutta-percha, wani ƙaro da ake samu daga itatuwan kudu maso gabashin Asiya, sannan a toshe ramin da ciko.

Aikin yakan ƙare a zama ɗaya ko biyu, wani lokaci uku idan mugunya ta yi yawa. Cikon da ake sawa tsakanin zama da zama na wucin gadi ne. Wanda ya daina komawa saboda ciwo ya tafi, cutar za ta dawo, kuma yana iya rasa haƙorin.

Bayan aiki

Ɗan ciwo na ƴan kwanaki ba abin damuwa ba ne, farasetamol kan wadatar. Haƙorin da aka yi wa aiki ya fi saurin tsagewa, musamman turmi, don haka likitoci kan ba da shawarar a sa masa hula, wadda ake kira couronne. Kafin a sa ta, a guji tauna goro, ƙashi ko aya a wannan ɓangare. Idan an kula da shi da buroshi ko asuwaki, haƙorin yana iya yin shekaru masu yawa.

Cire haƙori ya fi arha a ranar farko, amma giɓin da ya bari yakan sa haƙoran kusa su karkata, cike shi da haƙorin roba kuma wani kuɗin ne. Sai dai ba kowane haƙori ake iya cetowa ba: wanda saiwarsa ta tsage ko ya ruɓe har ƙasan dasashi, cirewa ce maganinsa.

Lokacin da ba a jira

Kumburin fuska da ya nufi ido ko wuya, zazzaɓi, kasa buɗe baki ko wahalar haɗiya alamu ne cewa cutar ta bazu, kuma tana iya kisa. A tafi asibiti a ranar. Mai ciwon sukari, mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu su sanar da likita halin da suke ciki tun kafin a fara aiki.