An Kashe Sabis: Kalmomin Intanet da Abin da Ya Faru a Ƙasar Gobir a 2021

A watan Satumba na 2021 wayoyin mutanen Kamarawa suka koma tocila da agogo. Ranar 3 ga watan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a jihar Zamfara baki ɗaya, kuma kafin watan ya ƙare matakin ya shafi ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Hujjar gwamnati ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Wata uku kafin nan, ranar 5 ga Yuni, gwamnatin tarayya ta rufe Twitter. A bakin jama'a duka biyun suna ɗaya gare su: an kashe sabis. Amma ba abu ɗaya aka kashe ba, kuma wanda bai san sunayen sassan intanet ba, ba zai gane dalilin da ya sa ɗan Legas ya zagaye nasa kullen cikin minti biyar, ɗan Kamarawa kuwa ya rasa yadda zai yi ba.

Bagobiri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan hanya da masauki. Kakanninsa sun san ayari, sun san zango, sun san fatoma: mutumin da ke saukar da fatake a gidansa, ya adana musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya karɓi ladarsa. Abin da masu kwamfuta ke kira hostin, aikin fatoma ne. Kowane shafi da ka buɗe a wayarka, rubutu ne ko hoto ko bidiyon wa'azi, yana ajiye a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, a wani gini mai sanyi da wuta ba ta ɗaukewa. Wannan kwamfutar ita ce saba, wadda wasu masu fassara suka laƙaba wa uwar garke. Mai ginin yana ba da hayar gurbi a cikinta, kai kuma mai shafi baƙo ne.

Kalmar ta girmi yanar gizo. A 1969, lokacin da ma'aikatar tsaron Amurka ta haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike huɗu a tsarin ARPANET, kowace kwamfuta da ke kan layin ana kiranta da kalmar Ingilishi mai ma'anar mai masauki. Da yake ba su da yawa, sai aka tattara sunayensu da lambobinsu a takardar kwamfuta guda ɗaya, wadda wani ofishi a cibiyar bincike ta Stanford ke kula da ita ƙarƙashin Elizabeth Feinler. Duk mai sabuwar kwamfuta sai ya tuntuɓi ofishin a sa shi cikin jerin, kamar yadda baƙo ke zuwa wurin mai unguwa. Da gari ya cika, mai unguwa ɗaya ya kasa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wanda ya rarraba aikin: kowace kwamfuta tana da lambarta, wato lambar IP, mutane kuma suna amfani da suna, DNS ke fassara sunan zuwa lambar kafin ka ƙifta ido. Sunan nan da kake rubutawa a saman burauza shi ne domen. Shafin farko na yanar gizo kuwa sai a 1991 ya fita ga jama'a, daga kwamfutar Tim Berners-Lee a cibiyar CERN da ke kusa da Geneva, wadda aka manna wa takarda da hannu cewa saba ce, kada a kashe ta. Duniyar yanar gizo a lokacin tana iya mutuwa idan mai shara ya taɓa soket.

Wutsiyar suna ma tana da mai ita. Nijeriya ta sami .ng a 1995, Nijar kuma tana da .ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a shekarun farko sashen fasaha na .ng a birnin Pisa na Italiya ake riƙe da shi, yayin da Ibukun Odusote ta kwalejin fasaha ta Yaba ke wakiltar ƙasar. An daɗe ana ja-in-ja kan wa zai riƙe shi kafin a kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, amma kundin sunayenta na hannun fatoman wata ƙasa. Ba mugunta ba ce, a lokacin babu layin da za a dogara da shi a gida.

Saura hanya. Idan wani a Kamarawa ya danna hoto a Facebook, saƙon yana tashi daga wayarsa zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, irin ƙarafan da suka fara tsayuwa a ƙasar nan bayan an sayar da lasisin GSM a 2001. Daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ko ta igiyar gilashi da aka binne a ƙasa, yana gangarawa kudu. In abin da ake nema yana cikin Nijeriya, yana iya juyawa a mahaɗar IXPN da aka kafa a 2006, inda kamfanoni ke musayar kaya ba sai sun fita waje ba. In ba ya nan, sai ya shiga igiyar da ke kwance a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Faɗin wannan hanya, wato yawan kayan da za su iya wucewa a daƙiƙa ɗaya, shi ake kira bandiwid, datar da kake saya kuma awon kayan da ka ɗauko ne. Ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gefen Kwaddibuwa, bankuna suka yi ta tangal-tangal har a Sakkwato, garin da bai taɓa ganin teku ba.

Yanzu mu koma 2021. Da aka rufe Twitter, hanya tana nan lafiya, ƙofar gida ɗaya aka tsare. Sai mutane suka sauke VPN, wanda ke naɗe saƙonka ya kai shi wata saba a wata ƙasa, daga can ya shiga gidan ta baya. Haka aka yi ta yi har aka ɗage haramcin ranar 13 ga Janairun 2022. A Isa da Sabon Birni kuwa zangon farko aka rushe. In ƙarfe bai amsa ba, babu VPN ɗin da zai yi aiki, domin shi ma a kan hanyar yake tafiya. Kira ya tsaya, tura kuɗi ya tsaya, mai POS ya rufe akwatinsa, wanda ɗansa ke ci-rani a Legas ya daina jin ɗuriyarsa. Mafita ɗaya ita ce neman ƙarfen da umarnin bai shafa ba, kuma a bakin iyaka wannan na nufin ƙarfen Nijar, tunda iskar sadarwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. Masu layin da ke farawa da 227 suka zama abin nema. Ɗan bindigar da ke da babur da kuɗi ya fi manomi sauƙin kai wa ga wannan iskar, kuma a ganina nan ne lissafin ya karkace. A watan Oktoba aka kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo, a yankin da babu wanda ke iya ɗaga waya ya nemi ɗauki.

Akwai wani abin da ke damuna fiye da wannan, kuma maganar masauki ce. Sunayen waɗanda aka kashe, hotunan ƙauyukan da aka tasa, muryoyin da aka naɗa na matan da suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi tun daga 2019, kusan duka a Facebook da WhatsApp suke, ko a cikin wayoyin da za su lalace. Facebook fatoma ne da ba ya karɓar kuɗin ɗaki, saboda haka ba ya bin ka bashin bayani ranar da ya rufe maka asusu, ko injinsa ya ga jini a hoto ya goge shi. WhatsApp kuwa ba ma ma'aji ba ne, ɗan aike ne: ya miƙa saƙo ya wanke hannu, in waya ta faɗa rijiya ba a yi ajiya ba, shi ke nan.

Mai shafin kansa ma bai tsira gaba ɗaya ba. Domen haya ake yi ana sabuntawa, galibi shekara-shekara, gurbin saba ma haka. Ranar da mai biya ya mutu ko ya manta, sunan yana komawa kasuwa, wani ya saye shi ya sa tallar caca. Alkalawa, babban birnin Gobir da ke nan kusa da Sabon Birni, ta faɗi a 1808, amma har yau ana karanta labarinta a takardun da malamai suka kwafa da hannu, kowanne ya ajiye nasa a gafakarsa. Abin da ya faru a Kamarawa a 2021 yana kan saba a ƙasashen da yawancin mutanen garin ba su taɓa zuwa ba, ƙarƙashin yarjejeniyar da suka danna wa amincewa da Ingilishi.